Mariƙin Tulun Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Yaya Hadiza ba, kuma ko na so in manta, hoton da ke rataye a ɗakinta a Tsafe ba zai bar ni ba. In ka duba hoton za ka ga wani dogon dattijo a tsakiya, wakilin ango, sanye da babbar rigar da ta tsaya masa a gwiwa kamar wanda ya aro ta ƙanensa. Aron kuwa ya yi, ta Babanmu ce. Can gefe akwai wani siririn saurayi mai tabarau, ya sunkuyar da kai yana neman abin da bai yar ba. Wannan ni ne, kuma ni ne dalilin rigar.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Gusau ta wayi gari ta zama babban birni, kowa kuma ya samu muƙami, ko da na baki ne. Wanda ya rungumi fayil ya zama Darakta, wanda ya sa kwat ya zama Barista, wanda aka gani da sifana a hannu ya zama Injiniya. Ni a rukuni na ƙarshe na faɗa, ba da son raina ba.

Ina karatu a Gusau, ina zaune wurin Kawu Sule, ƙanen mahaifiyarmu, a Sabon Gari. Ba na surutu, ba na ƙwallo, in aka yi baƙi nakan tuna ina da wanki. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne wani tsohon littafin aikin ƙarfe da na tsinta wurin mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, bangonsa ya cire, wasu shafukan gara ta ɗanɗana. Daga littafin na kamu da son abu ɗaya: yi wa rami tiredi, wato ka huda ƙarfe, ka yanka masa haƙora a ciki yadda noti zai shiga ya kama. Abin da ake yankan da shi wani siririn ƙarfe ne mai haƙora, masu sana'a suna ce masa taf. Ka ɗaura shi a mariƙinsa, ka murɗa gaba kaɗan, ka dawo baya kaɗan don ɓarɓashin ya karye, ka sake gaba. Aiki ne na mutumin da ba ya son magana, shi ya sa muka shirya da shi.

Na mallaki 'yan taf ƙanana a cikin gwangwanin alewa, kowanne na naɗe shi a tsumma mai mai. Kawu ya ba ni wani tsohon injin huda na lantarki da wani ya bar masa. Duk wani guntun alminiyam ko tagulla da ya shigo gidan nan sai da na huda shi na yi masa tiredi, na sa masa notin da ba ya ɗaure komai. (Matar Kawu ta taɓa tambayata me ya sa murfin tukunyarta yake da noti a gefe. Na ce don ƙarfi. Ta ɗauki murfinta ta koma girki, ita ma mai haƙuri ce.)

Matsalar ita ce Kawu Sule. Shi mutum ne da ba ya iya ganin abu ya bar shi yadda yake. In ɗansa ya ci jarrabawa, to ya fi kowa a jiha. Ranar da na ɗaure masa madubin babur, kafin la'asar duk layin ya ji cewa ɗan 'yar'uwarsa yana gab da ƙera mota.

Yanzu ga maganar tulu. Gwaggo Hajiya, yayar Babanmu da ke garinmu Bungudu, ta dawo daga Makka da wani babban tulun zuba abin sha, mai famfo a gindi da mariƙi biyu a gefe, irin farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda mata ke kira silba. Babu irinsa a unguwa. Amma jikoki sun taɓa kayar da shi, mariƙi ɗaya ya cire, notinan biyu suka karye a cikin raminsu. Saboda haka ranar da matan Tsafe suka kawo lefen Yaya Hadiza, a bokitin roba aka kai musu zoɓo. Sun sha, sun gode, amma da za su tashi wata daga cikinsu ta ce, tana murmushi, "Ashe Bungudu har yanzu a bokiti ake sha." Wannan magana ta zauna wa Gwaggo a maƙogwaro. Ta rantse ranar ɗaurin aure mutanen Tsafe daga tulun Makka za su sha, da mariƙansa biyu, a gaban kowa.

Kawu yana wurin da ta rantse. "Hajiya, wanga ai ƙaramin aiki na," in ji shi. "Muna da Injiniya a gida kina neman mai gyara? Ba ni shi."

Haka aka kawo mini tulun har Gusau a cikin motar haya, Kawu ya rungume shi a cinya kamar jariri. Na duba shi da kyau. Inda mariƙin yake zama wani guntun ƙarfe ne mai kauri da aka liƙa a jikin tulun. Abin yi a fili yake: in sauko ƙasa kaɗan da tsofaffin ramukan, in huda sababbi biyu, in yi musu tiredi, in ɗaure. Na yi irinsa ba adadi. Abin da ban taɓa yi ba shi ne yinsa a silba.

Kada ka ce ban karanta ba. Na karanta babin silba har na kusa haddace shi. Littafin ya yi gargaɗi ɓaro-ɓaro cewa wannan ƙarfe ba ya son mai tsoro. In za ka huda shi, ka rage gudun inji, ka danna da ƙarfi, kaifin ya riƙa ci ba tsayawa. In ka tsaya kana shafa shi sama-sama, wurin zai yi zafi ya ƙara tauri, har ya fi ƙarfin abin da kake huda shi da shi. Na fahimci wannan sarai. Har na ja layi a ƙarƙashinsa da rula.

Amma sanin abu daban, hali daban. Ni mutum ne da in na je gidan mutane nakan yi sallama a hankali yadda ba za a ji ba, in tsaya ina jira. Da aka kawo wuta ranar Asabar da hantsi, na auna, na sake aunawa, na yi alama, na kunna inji, sai na tuna tulun Makka ne. Sai na ɗora kaifin a kai kamar mai neman izini. Injin yana ta ihu, ni ina ta lallashi. Na taɓa, na ɗaga, na duba, na hura, na sake taɓawa. Na zuba man gyaɗa don sanyaya wurin, ɗakin ya ɗauki ƙamshin ƙuli-ƙuli, har matar Kawu ta leƙo ta ce in an soya a tuna da ita. Da ƙyar ramin ya samu, bakinsa ya yi shuɗi-shuɗi, cikinsa yana ƙyalli kamar gilashi. Ni kuwa na ga ƙyallin na ji daɗi, na ɗauka alamar aiki mai kyau ce.

Na ɗauko taf. Ya shiga kaɗan, ya fara nauyi. Na dawo baya, na ƙara mai, na sake gaba. Ya ƙara nauyi, ya fara wani ɗan kuka siriri. A nan ne, bayan na shafe safiya ina jin kunyar ƙarfe, na zaɓi in nuna jarumta. Na murɗa da ƙarfi.

Ƙas!

Ba ƙara ce mai yawa ba. Ko kazar da ke bakin ƙofa ba ta ɗaga kai ba. Amma rabin taf ɗin yana hannuna, rabi yana cikin tulun Gwaggo, ya karye daidai da fuskar ƙarfen, babu ko ɗan abin da filaya za ta kama. Kuma taf ya fi abin huda tauri, ba a huda shi a fitar. Na zauna ina kallonsa, yana kallona.

Na koma kan rami na biyu. Da taf ɗin da ya rage mini mai wannan kauri ya fara nauyi sai na janye tun bai yi kuka ba. Haƙoran da na samu kaɗan ne, noti ya shiga ya ɗan kama, irin kamun da mutum ke yi wa hannun wanda ba ya so su gaisa.

Mai hankali a nan zai je ya ce, Kawu, abin ya gagara. Ni ma na je. Na same shi a ƙofar gida yana ba maƙwabta labarin yadda Turawa za su zo su ɗauke ni. Na tsaya, na gaishe su, na dawo. Abin da na yi maimakon haka shi ne na ɗauki noti na biyu, na yanke kansa da zarto, na goge shi sumul, na liƙa kan a mariƙin da gam, daidai saman inda taf ya karye. Kuma saboda ni mai tsari ne, sai da na daidaita tsagar kawunan notinan biyu suka kalli gefe ɗaya. (Har yau ina ganin wannan shi ne aiki mafi kyau da na taɓa yi wa ƙarya.) Na ɗaga tulun ba komai a ciki, ya ɗagu. Na ce wa kaina ai shi ke nan.

Da muka kai shi Bungudu ana jibi biki, na yi niyyar in ja Gwaggo gefe in gaya mata a riƙa tallafe shi ta ƙasa. Na buɗe baki na ce, "Gwaggo, dama mariƙin..." Ba ta bar ni na ƙarasa ba. Ta shafa notinan, ta shafa kaina, ta shiga sa albarka. Ta roƙa mini ilimi, ta roƙa mini mata tagari, ta roƙa mini kujerar Makka, har ta roƙa wa 'ya'yan da ban haifa ba. Wa zai katse wannan da maganar gam? Na ce amin, na fita.

Sai na yi dabara. Na ce ni da kaina zan ɗauki ɓangaren da na gyara. Hannun hagu a mariƙi don idon jama'a, hannun dama a ƙarƙashin tulu yana ɗauke da nauyin gaskiya. Daga zaure zuwa rumfar baƙi ba nisa. In muka dire shi a kan tebur, an wuce wurin. Inna, mahaifiyarmu, har ta yi mamakin yadda yau na nemi shiga taro da kaina.

Ranar ta zo. An ɗaura aure, an shafa fatiha, baƙin Tsafe suka zauna a rumfar ƙofar gida ana jiran abinci da mai hoto. Gwaggo ta cika tulun da zoɓo har wuya, ja wur, ta jefa manyan ƙanƙara da aka yo oda daga Gusau. Ni duk lissafina da tulu marar komai na yi shi. Da na sa hannu a ƙasa na ji nauyin, sai da na ambaci Allah. Kawu ya kama ɗaya mariƙin, muka fito. Mata suna leƙe ta bayan katanga, Gwaggo a gaba, tana so ta ga fuskar Tsafe.

Da mun wuce kai tsaye zuwa tebur da yanzu ba ni da labari. Amma Kawu ya ga taro. Ya ja burki a gaban wakilin ango, wani Alhaji dogo mai fara'a, yayan mahaifin ango, yana zaune a kujera cikin farar shadda sabuwa, sitacinta har ƙara yake yi.

"Alhaji, kun ga wanga tulu? Daga Makka anka zo da shi. Ya lalace, an kai shi ko'ina an kasa." (Ba a kai shi ko'ina ba.) "Wanga yaro da kuka gani shiru-shiru, shi yag gyara shi. Ku dubi notinan, Alhaji. Ku dubi yadda sunka kalli wuri guda. Ko a Makka ba su yi haka ba."

Alhaji ya matso da fuska, ya duba, ya jinjina kai. "Ikon Allah. Ashe surukan namu har da injiniya gare su." Sai ya miƙo mini hannu. "Kawo hannu, Injiniya."

To, ka tsaya ka duba halin da nake ciki. Dattijo, baƙo, suruki, a gaban mutanen gari biyu, ya miƙo hannu. Ba a barin irin wannan hannu a iska. Ba a kuma ba shi hagu, ko mahaukaci ya san wannan. Hannun dama kuwa shi ne ke riƙe da mutuncin Bungudu. Ina iya cewa, "Alhaji, bari mu dire." Kalma huɗu ce, yaro ma zai iya. Amma a lokacin ji na yi gara ƙasa ta tsage da in sa dattijo jira. Na zare hannuna daga ƙarƙashin tulu, na ɗan rusuna, na ba shi.

Abin mamaki, mariƙin ya riƙe. Na ji nauyin ya koma kan notin nan guda mai 'yan haƙora, na ji yana ɗaukar abin da ba a halicce shi dominsa ba. Da Alhaji irin mutanen yanzu ne masu taɓa hannu su saki, da mun tsira. Amma Alhaji mutumin da ne, gaisuwarsa cikakkiya ce, kuma ba ya sakin hannu sai ta ƙare.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Alhaji."

"Ina karatu?"

"Alhamdu lillahi." Wani abu ya ce ƙiƙ a ƙarƙashin yatsuna.

"Ina malamman naku?"

"Suna lafiya."

"Ina mutanen Gusau? An ce yanzu ku ad da gwamna, ba a ganinku."

Jama'a suka yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora, gumi yana sauka a bayan tabarau. Mariƙin ya ɗan karkace.

"To madalla. Ina kuma..."

Ban taɓa sanin wanda zai tambaya ba. Mariƙin ya rabu da tulu a hankali, cikin ladabi, kamar ni na koya masa. Ɓangarena ya yi ƙasa, Kawu yana riƙe da nasa gam, murfi ya tashi, zoɓon Gwaggo gaba ɗaya da ƙanƙararsa ya tafi cinyar Alhaji. Tun daga aljihun gaba har takalmi. Farar shadda ta koma kamar an yanka rago a kanta. Wani ƙaton ƙanƙara ya zauna masa a cinya, ya ƙi sauka.

Daga bayan katanga na ji muryar Gwaggo ta ce, "Inna lillahi," sau ɗaya, a hankali. Ni kuwa ina tsaye, hagu riƙe da mariƙi shi kaɗai a sama, dama har yanzu a cikin hannun Alhaji, don shi bai saki ba, ni kuma ban ga ya dace in fara janyewa ba.

Sai wani ɗan abu mai ƙyalli ya gangara ya tsaya a jikin takalminsa. Alhaji ya sake ni, ya sunkuya ya ɗauka, ya juya shi sama da ƙasa. Kan noti ne, sumul, da busasshen gam a bayansa.

"Injiniya," ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "wanga noti, ina sauran shi?"

Na ce, "Yana Gusau, Alhaji."

Wallahi gaskiya na faɗa, yana cikin gwangwanin alewa. Amma rumfar nan sai da ta kusa faɗuwa. Mutanen Tsafe suna dariya suna riƙe ciki, mutanen Bungudu suna dariya don ba abin da ya rage musu. Alhaji kansa ya yi ta yi har hularsa ta zame. Kawu Sule, wanda bai taɓa rasa magana ba tunda aka haife shi, ya dire ragowar tulun ya ce, "Dama yaron bai gama karatun ba," ya zame ya bar ni.

Baba ya ja Alhaji ciki ya ba shi rigarsa ta Juma'a. Baba gajere ne. Mai hoto kuma ya ce rana tana tafiya, ba zai jira shadda ta bushe ba. Abin sha da baƙi suka samu a ƙarshe shi ne ragowar zoɓon da aka ajiye wa mata, kuma ka san a cikin me aka fito da shi. Bokitin roba, shuɗi, wanda matan Tsafe suka riga suka sani.

Gwaggo ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Da yamma ta kira ni, tulun yana gabanta da sabuwar lotsawa a gindi. Ta ce, "Shi ne abin da kaz zo gaya min rannan?" Na ce e. Ta ce, "To mi ya hana ka?" Na ce tana sa mini albarka ne. Sai ta ce, "Albarkar ai da ta jira. Ni ina nan, ita ma tana nan." Tulun yana gidanta har ta bar duniya, ana rungumarsa kamar tulun ƙasa in za a ɗauka. Guntun taf ɗina yana ciki. Tulun bai yi tsatsa ba, amma taf ɗin ya yi, ya bar wani jan ɗigo da jikoki ke nuna wa baƙi.

Daga baya na koyi huda silba. Ba wani sabon ilimi na ƙaro ba, layin nan ne da na ja da rula: ka danna tun farko, kada ka tsaya shafa. Na kuma gane cewa maganar da ba ka son faɗa ita ma haka take, in ka yi ta shafa ta sama-sama tauri take ƙarawa, har ta karya ka a gaban surukai.

Sunan Injiniya dai bai bar ni ba, sai dai a Tsafe ba da irin muryar Kawu ake faɗarsa ba. Alhaji kuma, Allah ya jiƙansa, duk lokacin da na je gaishe shi sai ya ɓoye hannunsa a baya, ya leƙa hagu da damana, ya ce, "Tsaya tukuna, Injiniya. Dire abin da kake ɗauke da shi, yau farar riga gare ni."